Yadda Ciwon Daji Ke Barin Inda Ya Tsiro Ya Mamaye Jiki

Mama ba gaɓa ba ce da rai ya rataya a kanta. Ana cire ta ɗungurungum, mace ta warke ta ci gaba da harkokinta shekara da shekaru. Haka furostet, ɗan ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, haka wani yanki na babban hanji. To in haka ne, me ya sa kansar mama, wato ciwon dajin mama, ke kashe mata fiye da 600,000 a duniya kowace shekara? Dalili shi ne ba ƙarin da ke cikin maman ke yin kisan ba. Ƙwayoyin da suka ɓalle daga jikinsa suka je suka kafu a hanta, ko huhu, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa, su ke yi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna mutum kusan miliyan 20 ne aka gano suna da kansa a shekarar, miliyan 9.7 kuma suka rasu. Mafi yawan waɗanda ƙari ya yi ajalinsu sai da ya yaɗu tukuna. Wannan ya sa ake kallon yaɗuwar kamar wani abu mai basira wanda ba ya kuskure. Binciken da aka tara cikin fiye da shekara ɗari ya nuna akasin haka. Kusan duk ƙwayar da ta bar ƙari mutuwa take yi, ko ta isa wani wuri ta kasa tsinana komai. Yawa da lokaci ne ke ba kansa nasara, kuma wanda ya gane wannan zai gane dalilin abubuwa da dama da likitoci ke yi waɗanda ke ɗaure wa marasa lafiya kai.

Kafin a ji komai

Jikin babban mutum yana da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Kowace rana sama da biliyan 300 daga cikinsu na mutuwa ana maye gurbinsu, galibi na jini da na bangon hanji. Duk ƙwayar da za ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, wato rubutun gadon da ke cikinta mai biliyoyin haruffa, kuma duk iya gyaran da jiki ke yi sai an samu kuskuren da ya sulale. Hayaƙin taba, barasa, zafin hasken rana a kan fata, ƙwayar cutar HPV da ta ciwon hanta nau'in B da C, duk suna ƙara yawan ɓarnar. Wanda aka gada kai-tsaye daga iyaye bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kansa ba.

Kuskure ɗaya ba ya haifar da kansa. A cikin kowace ƙwaya akwai umarnin da ke cewa a rabu, akwai mai cewa a dakata, akwai kuma wanda ke sa ƙwayar da ta lalace ta kashe kanta. Sai an lalata da dama daga cikinsu a ƙwaya guda, ɗaya bayan ɗaya. Mafi shahara shi ne TP53, mai tsayar da ƙwayar da DNA ɗinta ya samu matsala. A kusan rabin kansar ɗan Adam ana samun sa a lalace. A 1990 Eric Fearon da Bert Vogelstein suka bayyana yadda wannan jeri ke tafiya a babban hanji, daga ɗan tsiro marar cutarwa zuwa kansa, abin da kan ɗauki shekara goma ko fiye. A 2010 wasu masu bincike da suka bi sawun sauye-sauyen DNA a kansar fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, sun ƙiyasta cewa daga kuskuren farko zuwa samuwar kansar akwai aƙalla shekara goma, sannan a ƙara kimanin biyar kafin ta iya yaɗuwa. Kuma wannan ita ce kansar da aka sani da saurin kisa.

Ga wani lissafi mai sauƙi. Ƙwaya ɗaya in ta ninka sau 30 ta kai biliyan ɗaya, ƙari mai faɗin kimanin santimita ɗaya, wanda a lokacin ne hannu ko hoto ke fara gano shi. In ya ƙara ninkawa sau 10 kacal ya kai nauyin kilo, nauyin da da wuya jiki ya ɗauka. Lissafin ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba, domin ƙari ba ya girma da gudu ɗaya, amma abin da yake nunawa gaskiya ne: ranar da aka gano kansa, ta riga ta ci mafi yawan rayuwarta a ɓoye. Kuma a wannan tsawon lokaci galibi ba ta ciwo.

Keta iyaka

Kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na kansa suna tasowa ne daga ƙwayoyin da ke shimfiɗe a saman fata da bangon gaɓoɓi, kamar hanji, hanyoyin iska, bututun nono da bakin mahaifa. Waɗannan ƙwayoyi suna manne da juna gam, kuma suna zaune a kan wani siririn tantani da ya raba su da naman da ke ƙasa. Jijiyoyin jini duk suna ƙarƙashin tantanin. Muddin ƙwayoyin da suka lalace ba su huda shi ba, ba su da hanyar zuwa ko'ina. Shi ne abin da likitoci ke kira mataki na sifili, kuma in aka cire wurin a wannan lokaci magana ta kusan ƙarewa. Gwajin bakin mahaifa da leƙen hanji da na'ura duk wannan gaɓar suke son riska.

Bambancin ƙari mai zama wuri ɗaya da kansa ba a girma yake ba. Ƙarin mahaifa da mata da yawa ke fama da shi yana iya cika ciki, amma tura abin da ke kusa da shi yake yi, ba ya kutsawa cikinsa. Kansa kuwa tana iya zama ƙarama ƙwarai ta riga ta kutsa.

Kutsen na bukatar abubuwa uku su haɗu. Ƙwaya ta rage furotin ɗin da ke manne ta da 'yan'uwanta, mai suna E-kadherin. Ta samu sinadaran da ke narkar da tantanin da zaruruwan da ke bayansa. Sannan ta sauya siffa ta iya rarrafe. Abin mamaki, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba kansa ce ta ƙirƙiro shi ba. Da irin wannan tsari ƙwayoyin ɗan tayi ke tashi daga wuri zuwa wuri su gina gaɓoɓi, da shi kuma ƙwayoyin fata ke rarrafowa su rufe rauni. Bayan an gama aikin jiki kan kashe tsarin, kansa kuma ta sake kunna shi. A 1986 wani likita a Amurka, Harold Dvorak, ya siffanta ƙari da raunin da ba ya warkewa, kuma a ganina ba a samu bayanin da ya fi wannan kama gaskiya ba. Jiki yana ganin wurin kamar rauni, sai ya turo masu gyara: ƙwayoyin da ke saƙa nama, da wasu fararen ƙwayoyin jini masu share datti. Su ne ke kawo sinadaran girma, su ne ke taya narkar da hanya. A wasu ƙari, kamar na fankiriyas, waɗannan lafiyayyun ƙwayoyi da abin da suka saƙa sun fi ƙwayoyin kansar kansu yawa.

Sai maganar abinci. Ƙarin da ba shi da jijiyoyin jini nasa ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu, domin iskar oksijin ba ta ratsa nama da nisa. Judah Folkman ne ya dage kan wannan batu tun 1971, lokacin da abokan aikinsa da dama ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Ƙwayoyin da iska ta yanke wa suna fitar da wani sinadari mai suna VEGF, shi kuma ya sa jijiyoyin da ke kusa su yi rassa su nufo ƙarin. Sabbin jijiyoyin a karkace suke, bangonsu duk ɓula. Suna ciyar da ƙarin, kuma ta ɓulolin nan ƙwayoyinsa ke samun ƙofar shiga jini.

Hanyoyin fita

Hanyoyin uku ne. Mafi sauƙin bayani ita ce ta ramukan jiki: kansar gidan ƙwan mace, misali, tana zubar da ƙwayoyi cikin ruwan da ke kewaye da kayan ciki, su manne a tantanin ciki su tsiro, ciki ya tara ruwa ya kumbura.

Ta biyu ita ce magudanan limfi, wasu siraran bututu masu kwashe ruwan da ya tsatso daga jini su mayar da shi. A kan hanyarsu akwai ƙananan matatu, waɗanda in sun kumbura a hammata ko wuya ko matsematsi muke cewa kaluluwa ta fito. Bangon waɗannan bututu ya fi na jijiyar jini sauƙin shiga, shi ya sa kansa da yawa ke fara bayyana a matatar da ke kusa.

Wannan ya daɗe yana ruɗar likitoci. A ƙarshen ƙarni na 19 William Halsted na asibitin Johns Hopkins ya ɗauka kansar mama tana tafiya ne daki-daki, daga mama zuwa hammata, daga nan ta ƙara gaba. In haka ne, maganinta shi ne a yanka da faɗi a sha gabanta. Tiyatar da ya bayyana a 1894 tana cire mama da tsokar ƙirji da duk matatun hammata, kuma ita aka riƙa yi wa mata har kusan shekara tamanin. Daga 1971 Bernard Fisher ya jagoranci gwaje-gwajen da aka kwatanta wannan babbar tiyata da ƙanana a kan dubban mata. Sakamako ya nuna ba ta ƙara tsawon rai, kuma daga baya aka tabbatar cewa ga mata da yawa cire ƙarin kaɗai a bi da gasa wurin da hasken na'ura daidai yake da cire mama duka. Fassarar Fisher ita ce, matar da kansarta za ta dawo, ƙwayoyin sun riga sun bi jini tun kafin wuƙa ta taɓa ta, don haka faɗin yanka ba zai kamo su ba. Gaskiya tana tsakanin mutanen biyu, domin akwai kansar da cire ta da wuri ke gama da ita har abada. Amma yau matatar hammata an fi ɗaukar ta a matsayin mai ba da labari: in an samu kansa a cikinta, alama ce cewa wannan ƙari ya iya tafiya.

Hanya ta uku, jini, ita ce mai kai kansa nesa. Tun 1869 wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya ga ƙwayoyi masu kama da na ƙari a jinin wani mamaci. Sai dai jini ba wurin zama ba ne ga ƙwayar da ta saba da mannewa. Irin waɗannan ƙwayoyi an tsara su ne su mutu da zarar sun rabu da mazauninsu. Ƙarfin gudun jini yana yayyaga su, sojojin garkuwar jiki suna farautar su. Sannan girmansu ya fi faɗin ƙananan jijiyoyi, don haka cikin 'yan mintuna sukan maƙale a jijiyoyin farko da suka tarar. Waɗanda ke tsira sukan yi tafiya a dunƙule, ko su lulluɓe kansu da ƙwayoyin da ke daskarar da jini, garkuwa ta kasa ganin su.

A 1970 Isaiah Fidler ya yi wa ɓeraye allurar ƙwayoyin melanoma, wata kansar fata, bayan ya sa musu alamar da zai iya bin su. Cikin kwana ɗaya kusan kashi 99 cikin ɗari sun mutu, waɗanda suka kai ga yin sabon ƙari kuwa ba su kai ɗaya cikin dubu ba. A 1998 wasu masu bincike a Kanada suka bi irin waɗannan ƙwayoyi zuwa hantar ɓera suna kallo da madubin likita, sai suka ga wani abu dabam. Fiye da kashi 80 cikin ɗari sun isa lafiya har sun fita daga jijiya sun shiga naman hanta. A nan tafiyar ta tsaya. Ɗaya cikin 40 ce ta fara rabuwa, kuma cikin waɗanda suka fara, ɗaya cikin ɗari ce ta zama ƙarin gaske. Gwaje-gwajen biyu sun sha bamban kan inda ƙwayoyin ke halaka, amma sun haɗu kan cewa kaɗan ne ƙwarai ke kai labari.

An ga haka a jikin mutum ma. A farkon shekarun 1980 akwai masu kansar da ruwa ke cika wa ciki, aka sa musu bututun da ke mayar da ruwan cikin jijiya don a rage musu wahala. Ruwan nan cike yake da ƙwayoyin kansa, miliyoyinsu na kwarara cikin jini na tsawon watanni. David Tarin da abokan aikinsa a Oksfod suka binciki gawarwakin wasu daga cikinsu, a 1984 suka ba da rahoton cewa da dama ba a samu wani sabon ƙari a huhunsu ko sauran gaɓoɓinsu ba.

Iri da ƙasa

Me ya sa kowace kansa ke da wuraren da ta fi zuwa? A 1889 wani likitan tiyata a Landan, Stephen Paget, ya duba bayanan gawar mata 735 da kansar mama ta kashe. Ya ga ta kama hanta a 241, saifa kuwa a 17 kawai, alhali jini mai yawa na ratsa saifa. Ya ce ƙwayar kansa kamar iri ce da iska ke watsawa ko'ina, amma ba ya tsirowa sai inda ƙasa ta karɓe shi. A 1928 James Ewing na Amurka ya ce sam, tsarin jijiyoyi ne kawai: inda jini ya fara kai ƙwaya, nan take maƙalewa.

Kowannensu yana da hujja. Jinin da ya fito daga hanji hanta yake fara bi, kuma hanta ce wurin da kansar hanji ta fi zuwa. Jinin sauran jiki kuwa bayan ya koma zuciya huhu yake nufa, shi ya sa huhu ke karɓar baƙi daga kusan ko'ina. Wannan maganar Ewing ce. Amma tsarin jijiyoyi ba zai bayyana dalilin da melanomar cikin ido ke tsallake huhu ta tafi hanta ba, ko dalilin da tsoka, wadda ta fi kowace gaɓa yawa a jiki, da wuya kansa ta kafu a cikinta. A 1980 Fidler da Ian Hart suka dasa gutsuren huhu da na ƙoda a cinyar ɓeraye, suka sa ƙwayoyin melanoma a jini. Ƙwayoyin sun isa duka biyun, amma a gutsuren huhu suka tsiro, a na ƙoda ba su tsiro ba. Daga baya, a 2005, aka nuna cewa ƙari na iya aika sinadarai ta jini su sa ƙwayoyin ɓargo su taru a wata gaɓa su gyara wurin tun kafin ƙwayar kansa ta iso.

Ƙwayar da ta isa ba ta samu karɓuwa ba, ba lallai ta mutu ba. Tana iya kwanciya shiru, ba ta rabuwa, ba hoton da zai gan ta, kuma kemo, maganin kansa wanda masu rabuwa yake kashewa, ya wuce ta. Wannan barci shi ne sashen da ya fi tayar da hankali a lamarin kansa. Nau'in kansar mama mai rayuwa da homon ɗin estrojin, wani sinadari da jikin mace ke samarwa, yana iya dawowa bayan shekara 15 ko 20. Akwai kuma rahoton da aka buga a 2003 daga Sikotilan: an cire wa wata mata melanoma, ta yi shekara 16 ba alamar komai, ta rasu da wata cuta dabam, aka dasa ƙodojinta ga mutum biyu. Duka biyun melanoma ta bayyana a jikinsu. Masu dashen gaɓa ana ba su maganin da ke danne garkuwar jiki, kuma da alama garkuwar matar ce ta riƙe ƙwayoyin duk tsawon shekarun nan. Wannan kokawa tsakanin garkuwa da kansa ita ce tushen magungunan da suka sa James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018: sun gano makunnan da ke sa sojojin garkuwa su janye, waɗanda kansa ke amfani da su, aka kuma samo hanyar toshe su.

Abin da take yi wa jiki

A ƙashi aka fi fahimtar ɓarnar. Ƙashi kullum cikin rushewa da ginuwa yake, akwai ƙwayoyi masu ci, akwai masu ginawa. Ƙwayar kansar mama ba ta iya cin ƙashi da kanta, sai ta fitar da sinadarin da ke zuga masu cin. Da suka narkar da ƙashi sai sinadaran girma da ke ajiye a cikinsa su fito, kansar ta ƙara ƙarfi, ta ƙara zuga su. Sakamakon shi ne ciwo mai tsanani wanda ya fi damu da dare, da karaya ba tare da wani bugu na a zo a gani ba. Kalsiyam ɗin da ya narke ya cika jini, ya kawo ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan-gida da ruɗewa, har ƙoda ta gaza. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na waɗanda kansar mama ko ta furostet ta yi ajalinsu ana samun ta a ƙashinsu. In ta kama ƙashin baya tana iya danne laka. Mai kansa da ya ji sabon ciwon baya tare da rashin ƙarfin ƙafafu ko matsalar riƙe fitsari, sa'o'i ne tsakaninsa da shanyewar da ba ta dawowa, ba abin da za a bari sai gobe ba ne.

Hanta tana da juriya, sai an cinye mata kaso mai yawa kafin ta nuna gazawa. Daga nan ido ya yi shawara, ciki ya tara ruwa, jini ya daina daskarewa da kyau, gubar da ta saba tacewa ta hau kai. A huhu ƙari yana toshe hanyar iska ko ya sa ruwa ya taru a kewaye ya hana shi buɗewa. Ƙwaƙwalwa kuwa a rufe take cikin ƙoƙon kai, ba wurin faɗaɗa, don haka ƙaramin ƙari da kumburin da ke kewaye da shi sun isa su kawo ciwon kai, farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki ko sauyin hali. In ɓargo ya cika da ƙwayoyin kansa jini ya ragu, garkuwa ta faɗi, kuma sau da yawa cutar da ke ƙarasa mai kansa ƙwayar cuta ce da lafiyayyen jiki zai kawar cikin kwanaki.

Akwai kuma illar da ba ruwanta da inda ƙarin yake. Ramar masu kansa ba irin ta yunwa ba ce. Mai jin yunwa jikinsa kitse yake fara ƙonawa ya tanadi tsoka. A nan kuwa sinadaran kumburi da ƙari da garkuwa ke zubawa cikin jini suna kashe sha'awar abinci, suna kuma sa tsoka ta riƙa narkewa. Abinci yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya mayar da abin da ya zube, kuma ya kamata masu jinya su san haka, domin da yawa suna zargin kansu ko su matsa wa marar lafiya cewa ya ƙi ci. Ana ƙiyasta wannan rama tana da hannu a kusan kashi ɗaya cikin biyar na mace-macen kansa. Sannan kansa tana sa jini ya riƙa dunƙulewa a jijiya, gudan ya taso daga ƙafa ya toshe huhu. Armand Trousseau na Faransa ne ya bayyana wannan alaƙa a 1865. Ba da jimawa ba ya ga alamar a hannunsa, ya gane abin da take nufi, a 1867 kansar ciki ta yi ajalinsa.

Ba kowace kansa ke bin wannan labari ba. Kansar jini tun farko a watse take. Muguwar kansar ƙwaƙwalwa mai suna giliyoblastoma da wuya ta bar kai, amma kutsen da take yi a wurin ya isa. Nau'in kansar fata da ya fi yawa kuma yana cin inda yake, kusan ba ya yaɗuwa.

Inda wannan ke shafar magani

Kansar mama da ta je ƙashi ba ta zama kansar ƙashi ba. Ƙwayoyinta na mama ne, maganin kansar mama ake ba ta. Matakan da ake faɗa, na 1 zuwa na 4, galibi amsar tambaya uku ce: girman ƙarin da zurfin kutsensa, ko ya kai matatun limfi, ko ya kai wata gaɓa mai nisa. Tazarar da ke tsakani babba ce. A alƙaluman Amurka, cikin matan da aka gano kansar mamarsu ba ta fita ba, kusan 99 cikin ɗari suna kai shekara biyar. In ta yi nisa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne.

Mutane da yawa sun yi imani cewa taɓa kansa da wuƙa ko allurar ɗaukar samfur shi ke watsa ta. Ana iya gane inda zancen ya samo asali: an yi tiyata, bayan watanni ciwo ya ɓulla a hanta. Amma ƙarin da ya isa a gan shi a hoto ya daɗe da kafuwa, tun kafin tiyatar yana nan. Zubar ƙwayoyi a hanyar allura na faruwa, sai dai da wuya ƙwarai, kuma haɗarinsa bai kama ƙafar haɗarin barin ƙari yana zuba ƙwayoyi cikin jini kullum ba. In ɗaya cikin dubbai ce ke tsira, kowane wata da aka ƙara dubbai ake ƙarawa.

Kansar da ta yaɗu tana da wuyar warkewa saboda ƙarin ba abu ɗaya ba ne. A 2012 masu bincike a Landan suka ɗebi samfura daga sassa dabam-dabam na kansar ƙoda a jikin mutum ɗaya, suka ga kusan kashi biyu cikin uku na sauye-sauyen DNA ba a kowane sashe ake samun su ba. Magani ya kashe mafi yawa, 'yan tsirarun da ba ya kamawa su hayayyafa. Duk da haka mataki na 4 ba hukunci ɗaya ba ne ga kowa. Kansar maraina, tun da Lawrence Einhorn ya fara amfani da maganin kemo mai suna sisfilatin a shekarun 1970, ana warkar da mafi yawanta ko ta kai huhu. Wasu masu kansar hanji da ta je hanta a wuri kaɗan ana yanke wurin su warke. Melanomar da ta yaɗu, wadda a da ba a cika shekara da ita, yanzu a wani babban gwaji kimanin rabin waɗanda aka ba haɗin magungunan garkuwa sun wuce shekara biyar.

Wannan ne kuma dalilin da likita zai ce an cire komai, hoto ya fita fes, amma ya ce a yi kemo ko a sha maganin homon shekara biyar zuwa goma. Yana yaƙi ne da ƙwayoyin da ba ya gani, waɗanda bai ma tabbatar suna nan ba. Ma'anar haka ita ce mutane da yawa suna shan wahalar maganin da ba su bukata domin a ceci waɗanda ke bukata, tunda ba a iya bambance su. Ana ƙoƙarin rage wannan ta hanyar neman ɓurɓushin DNA ɗin kansa a jini bayan tiyata. A wani gwaji da aka yi a Ostireliya kan masu kansar hanji mataki na 2, wanda aka buga a 2022, an bar gwajin jinin ya nuna wa za a ba kemo. Waɗanda aka ba suka ragu daga kashi 28 zuwa 15 cikin ɗari, kuma bayan shekara biyu yawan waɗanda cutar ba ta dawo musu ba bai ragu ba.